Zuwa ga Alhajin Hotoro, Mai Bindigar Caji

Bakano, bawan Zazzau, gaisuwa irin ta ubangida da baransa. Ina fatan kasuwa tana ci, tunda ita kaɗai ce lafiyar da Bakano yake ganewa.

Labari ya riga ka isowa Zariya: wai Alhajin Hotoro ya yi bindiga. Hoton da ka ɗora a waya ya zaga majalisarmu ta Tudun Wada hannu zuwa hannu. Ga ka nan tsaye a gindin darbejiyar ƙofar gida, shadda ta sha bugu, an karya hula, baƙin gilashi ya cinye rabin fuska, ka rungume wata gajeriyar baƙar aba a ƙirji kana harare-harare. Wani dattijo a cikinmu ya yi salati, ya ce lallai zamani ya zo ƙarshe, tunda Bakano ya riƙe abin da ba mudu ba, ba almakashin yanka yadi ba. Ni kam ko gezau, don na san halin kayana. Na sa yatsu biyu na buɗe hoton, sai ga kwalinta a bayanka kan tabarma, wayar caja ta leƙo daga ciki. Dariyar da aka yi, har mai shayi sai da ya yi ɓarin madara.

Tunda wanda ya sayar maka bai yi maka bayani ba, kai kuma farashi kaɗai ka tambaya, gyara zama in karantar da kai kyauta, yadda muka saba karantar da Kanawa a Zariya.

Ta gasken da aka kwaikwaya aka yi taka, sunanta MP5, ƙirar kamfanin Heckler & Koch da ke garin Oberndorf a kudancin Jamus. A 1966 jami'an tsaron Jamus ta Yamma suka fara rataya ta. In ka gan ta sai ka ɗauka ƙanwar babbar bindiga ce, amma cimarta ta fistol ce: harsashi mai kaurin milimita 9, wanda Georg Luger ya ƙirƙiro tun farkon ƙarni na 20. Hikimar ita ce, fistol wuyar saiti gare ta. Hannu ya ɗan yi rawa, harsashi ya tafi gidan maƙwabci. Sai maƙera suka ce to a bar harsashin yadda yake, amma a yi masa gida mai gindi da za a tokara a kafaɗa, da wurin da hannun hagu zai kama, da bututu mai ɗan tsawo. Da haka mai harbi ya sami saiti, bugun da take mayarwa a kafaɗa bai taka kara ya karya ba, ƙararta ba ta kai ta babbar bindiga ba, ga ta tana juyuwa a cikin ɗaki ko cikin mota ba tare da ta maƙale a ƙofa ba. Ba a samu wannan a banza ba. In abin harbi ya wuce mita 100 sai ta fara neman uzuri, kuma harsashinta ba ya huda rigar sulke ta zamani. Shi ya sa rundunoni da yawa daga baya suka koma wa gajerun bindigogi masu cin harsashin raifil.

Dabarar ma ba Jamusawa suka faro ta ba. Kaboyin da muka taso muna kallo a silima sun san ta: doguwar Winchester ta 1873 da libarbar Colt an yi masu cin harsashi iri ɗaya, don kada mutum a bisa doki ya tsaya laluben wane aljihu ne na wace. Amma ranar da MP5 ta yi suna ita ce a watan Mayun 1980, lokacin da sojojin SAS na Birtaniya, cikin baƙaƙen kaya da takunkumin fuska, suka dira ofishin jakadancin Iran a Landan don kuɓutar da mutanen da aka yi garkuwa da su, duniya tana kallo a talabijin. Daga nan kowace runduna ta ce ita ma sai ita, kowane mai shirya fim ya ce jaruminsa sai da ita. Irin wadda kake runguma kuwa ƙaramar cikinsu ce, MP5K, wadda aka fitar a 1976. In yi maka magana da yaren da kake ji: ba ta kai rabin yadi ba. An yi ta ne don masu gadin manya su ɓoye a ƙarƙashin kwat, har akwai wata jakar hannu da aka ƙera mata, a harba ta daga ciki ba a buɗe ba. Bayanta dangi sun yi yawa. Akwai Scorpion Evo 3 ta kamfanin CZ na ƙasar Cek, akwai APC9 ta kamfanin B&T na Suwizalan, wadda sojan Amurka ya zaɓi gajeriyarta a 2019 don masu tsaron manyan hafsoshi. Farar hula a Amurka suna sayen mai fitar da harsashi ɗai-ɗai su shiga gasar harbi, amma ko a can, inda bindiga ta fi goro sauƙin samu, mai gindi da bututun da bai kai inci 16 ba sai an yi mata rajista ta musamman, bisa dokar da ke nan tun 1934.

Kada ka ɗauka labarin nesa nake ba ka. A 1964 aka kafa masana'antar ƙera makamai ta DICON a Kakuri, Kaduna, kuma cikin abubuwan farko da ta ƙera har da Beretta M12 ta Italiya, gajeriya mai cin wannan harsashi na milimita 9. Kaduna kuwa ƙasar wa ce? Tun kafin a yanke maka cibiya, ta gaske ake ƙerawa a ƙasar Zazzau. Dafo ɗin soja yana Zariya tun 1924, yawancin kuratan da ka gani a shingen hanya a wurinmu suka koyi inda kunama take. Makarantar yara sojoji tana nan tun 1954. Jaji tana nan. Mu ke ƙera ta, mu ke koyar da riƙe ta, ku kuma ku ɗauki hoto da 'yar tsanarta.

Da na shigo Kano ɗaurin aure na biyo ta gidanka, ka tuna rawar jikin da ka yi. Ka kori yara daga zaure, ka tura ƙofa, ka ciro ta daga ƙarƙashin kujera a naɗe cikin tsohon rawani. Gaskiya ɗaya ce, maƙeranta sun iya aiki. Nauyinta ya kusa na ta gasken, ga maɓallin sauya harbi a gefe da zanensa ja da fari, ga ɗan hannun nan na gaba da ake ja baya a maƙala, wanda ka yi ta mari yana faɗawa yadda ka gani a fim. Ka ce, «Malam, orijina ce fa, 'yar Japan ce, ba 'yar Caina ba.» Na ce madalla, ashe jabu ma tana da dangin sarauta. Sai na zare gidan harsashi na girgiza, ya amsa da caccaka. Na buɗe murfin sama, fararen 'ya'yan roba suka zubo mini a tafi, kowane milimita 6, santsi gare su. A gindin gidan akwai wani ɗan gare da sai ka murza shi da yatsa kafin su hau layi. Na tambaye ka ina batir, ka zare murfin baya ka nuna mini shi a kwance, siriri, da jar waya da baƙa.

Ga yadda take aiki, tunda na ga kai ma ba ka sani ba. In ka ja kunama, batir ya tayar da wata 'yar mota da ke ɓoye cikin mariƙi. Motar ta juya giya uku, giya ta ƙarshe ta ja fistin baya ta danne sifirin, sannan ta sake shi. Fistin ya ruga gaba ya matse iska, iskar ta hura ɗan roba ta cikin bututu. A bakin shigarsa akwai wata 'yar roba da ke shafar samansa don ya fita yana juyi da baya, juyin nan ne ke ɗauke shi ya ɗan yi nisa kafin ya faɗi. Shi ke nan. Babu albarushi, babu wuta, babu hayaƙi, babu kwanson da zai faɗo ƙasa yana ƙara. Da ka jera gwangwanayen madara a kan katanga ka sake mata wuta, abin da na ji shi ne keken ɗinkin tela a daren jajiberin Salla. Gwangwani biyu suka faɗi, na uku ya yi rawa ya koma ya zauna. Zakaran gidanka kuwa da ke tsaye a gefe bai ko fasa tsattsaga ba, daga baya ma ya bi 'ya'yan robar yana gwada su da baki.

Bari in yi maka lissafi, tunda shi kaɗai ne karatun da ba a fi ku ba. Ɗan robarka ɗaya giram 0.2 ne, sai an tara biyar su yi giram guda. Harsashin milimita 9 yana kai giram 8, wato 'ya'yanka 40 a dunƙule. Naka yana fita da gudun kusan mita 100 a daƙiƙa, na gaske ya haura 350. In aka haɗa nauyi da gudu, ƙarfin na gasken ya ninka naka wajen sau 500. Wato ka biya kuɗin kama, aka ba ka kashi ɗaya cikin ɗari biyar na aiki. Wannan ciniki, da wani Bazazzage ne ya yi shi, da an shekara ana ba da labarinsa a Kantin Kwari. Abin da ya fi ba ni mamaki, Kanon da masana'antun Sharaɗa da Bompai ke narka roba dare da rana, buta da bokiti da silifa har Nijar da Chadi, Kanon da Ƙofar Wambai ta cika maƙil da roba, ɗanta ne ya canji dala ya sayo roba daga bayan teku. Ka ƙi gaya mini nawa ka biya. Na fahimta. Bakano ba ya ɓoye farashi sai ranar da aka yi masa wayo.

Ka ce ai don ɓarayi ka saya, ganinta kawai za su yi su arce. To mu ƙaddara dare ya raba, an ɗauke wuta tun la'asar, yara sun zare cajarta sun sa wa fitila. Ka ji motsi a bayan katanga. Me za ka ce wa baƙon? Ya ɗan dakata ka tayar da janareta? In ma ta cika, ɓarawon da ya zo da wuƙa zai tsorata, na yarda. Wanda ya zo da ta gaske fa? Shi ba zai tsaya tambayar ƙirar ina ce ba. Da hannu wofi ka fito, da ya ce ka kwanta. Yanzu kuwa ka fito masa da abin da ya gaya masa in bai riga ka ba za ka riga shi. Kama da wane ba ta wane, Alhaji, kuma a wannan harka kamar ce ke jawo kisa.

Hujjarka ta biyu ta fi ta farko, don haka zan ba ta haƙƙinta. Ka ce wasa ne na manya, ana yin sa a duniya, sunansa eyasof. Haka ne. A Japan ya samo asali a shekarun 1970. Dokarsu ta 1958 ta tsananta kan mallakar bindiga da takobi, har ya zama farar hula ba ya ko mafarkin riƙe fistol, sai masu sha'awa suka koma ga kwaikwayo. A 1991 kamfanin Tokyo Marui ya fitar da mai batir ta farko, kwafin FAMAS ta sojan Faransa, daga nan harka ta buɗe, masana'antun Taiwan da Hong Kong da Sin suka shigo. Akwai ma wani ɗan Japan, Tatsuya Sakai, wanda da irin wannan ya yi atisayensa a gida, ya je Amurka a 2004 ya riƙe ta gaske ya lashe gasar harbi ta Steel Challenge a gaban masu abin. To amma su can wasan yana da fili da aka killace, yana da alƙalai, ana gwada ƙarfin kowace bindiga da na'ura kafin a shiga, dokar Japan ma ta sa iyaka ƙasa da jul guda. Wanda aka samu yakan ɗaga hannu da kansa ya ce an same ni, ya fita, don ɗan robar ba ya barin shaida. Wasan gaba ɗaya a kan amana ya tsaya. Yanzu don Allah, a tara Kanawa ashirin a fili a ce duk wanda aka harba ya faɗa da bakinsa? Sai magariba ta yi babu wanda ya mutu. Kowa zai ce rigarsa ta taɓa, a rage masa.

Abin kunyar shi ne gidan da ka fito. Sarkinku Alu, Maisango ake ce masa, sango kuwa mashi ne da ake ɗurawa a bakin bindiga, maharba giwa suka san shi. A zamaninsa Damagarawa sun zo muku da igwar da suka gada daga Sarki Tanimu, aka gwabza, birni bai faɗi ba. Ranar 3 ga Fabrairun 1903 Bature Kanar Morland ya iso bakin ganuwa da sojoji 700 da 'yan kai, da igwa huɗu da bindigogin Maxim huɗu, ya shiga ta wajen Kabuga, Sarki yana hanyar dawowa daga Sakkwato. Bayan 'yan makonni Waziri Ahmadu da mahayansa suka fuskanci ruwan harsashi a Kwatarkwashi da takobi da mashi, suka kwanta a nan. Waɗannan maza ne, Allah ya jiƙan su, ko Bazazzage ba ya wasa da sunansu. Na san abin da ke bakinka: ai daga Zariya Morland ya taso. Daga nan ya taso. Mu mun ga Maxim da idonmu tun 1902, mun auna, mun gane ba abin wargi ba ce, wannan shi ake kira ilimi. Kuma a ƙarshe Sarkinmu Kwasau da Sarkinku Alu duk Lakwaja aka kai su, don haka kada ka ɗaga mini hanci. Abin da nake nufi, ko yau ka tsaya a bakin titi ranar Hawan Nassarawa ka kalli 'yan bindigar Sarki. Mutum ya zuba albarushi a tafi, ya ɗura, ya danna da sanda, ya ɗaga sama da hannu ɗaya ya kau da kai. Ƙarar ta daki ƙirjinka, dawakai su yi tsaye, hayaƙi ya turnuƙe, warin ya bi ka har gida. Su ma ba dalma a ciki, amma kowa ya san abin da ake yi, a rana tsaka, a gaban hukuma, da izininta. Jikan waɗannan mutane ne yau yake tambayar uwargida ko ta ga cajar bindigarsa.

Yanzu matso kusa, wannan ba na majalisa ba ne. Lokacin da na juya ta a hannuna na lura bakin bututun an naɗe shi da baƙin salatif. Na ɗan ɓanɓare da farce, sai ga ruwan goro a ƙasa. Ka ce wai launin yana ɓata mata kwarjini a hoto. Alhaji, wannan ɗan launi shi kaɗai ne bakin da take da shi na cewa ni ta wasa ce. A Amurka doka ce tun 1988 a sa shi a bindigar kwaikwayo. A Birtaniya, bayan dokar 2006, wanda ba ɗan wasan da aka sani ba sai dai a sayar masa da wadda aka shafe rabin jikinta da launi mai haske. A watan Nuwamban 2014, a birnin Cleveland, wani yaro ɗan shekara 12, Tamir Rice, yana wasa da irin wannan a filin shaƙatawa, tasa ba ta da launin a baki. Wani ya kira 'yan sanda. Motarsu ta tsaya, cikin daƙiƙa biyu aka harbe shi, washegari ya cika. Da rana tsaka ne.

Kai kuma a ina kake zaune? A Hotoro. Ga barikin 'yan sandan kwantar da tarzoma, ga dafo ɗin mai da tankoki jere a bakin hanya, ga titin Maiduguri da duk mai shigowa daga gabas yake bi, ga shataletalen baifas. Unguwar ba ta manta ba, ko da kai ka manta. Bayan harin 20 ga Janairun 2012, wanda ya ci rayuka sama da 180 a Kano a yini ɗaya, kowa ya san yadda gari ya koma: shinge a kowace kwana, mai babur ya sauka ya tura, mai mota ya kunna fitilar ciki ya buɗe but. A 2014 bam ya tashi a gidan mai a nan Hotoro. Jami'in da ya yi aiki a wancan zamani, ko wanda ya ji labari daga bakin wanda ya yi, shi ne zai haska but ɗinka da tocila wani dare a wajen Tsamiyar Boka, ya ga gindin MP5 ya leƙo daga cikin rawani. Ba shi da lokacin girgiza gidan harsashi ya ji ko zai yi caccaka. Ni ma da na san roba ce, da ka fara ciro ta sai da cikina ya ɗan juya.

In Allah ya tsare ba a yi harbi ba, saura takarda. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Fistol da masu sarrafa kansu da na soja suna gidan da sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigar toka ta maharba tana gidan da kwamishinan 'yan sanda ke ba da lasisi. A tsakiya akwai gidan da lasisinsa ke hannun Sufeto Janar, kuma a nan aka rubuta bindigogin iska, dogaye da gajeru. Dokar fashi da makami ta 1984 ita ma ta ambaci bindigar iska cikin makaman cutarwa, don haka ranar da wani yaron unguwa ya are ta ya tare mutum a lungu ya karɓe waya, kada ka zaci za a ce wasan yara ne, kuma za a tambayi mai ita. Sannan a jerin kayan da kwastan suka haramta shigowa da su kwata-kwata, fistol ɗin iska ce a sahun farko, tare da wuri da ganyen shayin da aka riga aka dafa da gwanjo. Zancen gwanjo ka fi ni sani. Ban tambaye ka ta wace ƙofa taka ta shigo ba, kuma kada ka gaya mini. Za ka ce taka roba take tofawa, ba dalma ba. Wannan bayani ne mai kyau, sai dai a bayan kanta za ka fara yin sa, babu hula babu agogo, kafin lauya ya iso.

Na tambaye ka ina gilashin kare ido, ka nuno mini baƙin gilashin nan na hoto. A filayen wasan da nake ba ka labari, ko ɗan kallo ba ya shiga sai da tabarau na musamman da aka gwada, wanda ya rufe har gefe, da yawa ma suna sa ragar ƙarfe a baki don ɗan robar yana fasa haƙori. A jiki ciwonsa bai wuce ja da kumburi ba. Ido ne ba ya ɗauka. Ƙashin da ya kewaye ido yana tare ƙwallo ko naushi, amma abu mai milimita 6 shigewa yake kai tsaye. Jini ya taru a gaban ƙwayar, ko yana ta sauko wa yaro ƙarami, ko bayan idon ya ɗaye. Ka san wannan, don kowace Salla sai yara sun juye barka da sallarsu a kan ƙananan bindigogin roba na bakin kasuwa, suna bin juna lungu-lungu, kuma kowace unguwa tana da labarin wanda aka samu a ido. A Afganistan, bayan ƙaramar Sallar 2015, yara sama da 100 aka kai asibiti da raunin ido, har gwamnati ta haramta bindigogin wasa. Waɗancan na sifirin ne masu arha, ɗai-ɗai suke fitarwa. Taka tana zubo fiye da goma a daƙiƙa, kuma ƙarƙashin kujera ka ajiye ta, a gidan da autanka ya san maɓoyar kowane abu har da inda kake ɓoye kilishi. Shi ne fa ya nuna mini yadda ake murza garen nan lokacin da ka fita alwala. Ba na son wata rana in ji kuna layi a asibitin ido na Sabon Gari, daga can a turo ku Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ka sake zuwa ƙasar Zazzau neman taimako, a wannan karon ba da dariya ba.

To ga hukunci, kuma babu ɗaukaka ƙara. Ka ɓanɓare salatif ɗin nan yau, ruwan goro ya fito, ai launin sana'ar kakanninka ne. Ka zare batir ka ba Hajiya ta jefa a adakarta, ita ba a buɗe mata kaya. Ita kuma bindigar ta shiga akwati mai kwaɗo, kada ta sake ganin cikin mota, kada ta sake leƙa ƙofar gida. Ka sauke hoton nan kafin wanda ba abokin wasanka ba ya gani. In sha'awar ta ƙi sakinka, ka je ofishin 'yan sanda da ƙafarka, hannu wofi, ka yi tambaya kafin su zo su tambaye ka. In kuma harbin gaske kake so ka koya, shekarunka sun wuce na kurtu, amma ka turo babban ɗanka Dafo, za mu mayar maka da shi mutum.

Tarar tsoratar da dattawan Tudun Wada kuwa turmin shadda ɗaya ce da gurasa ta 'yan Jakara mai yawan ƙuli, lissafin kuɗin shara yana nan daban sai watan Cika-ciki. Ka kai tashar Unguwa Uku ka ba direban motar Zariya ta farko, kuma ka biya kuɗin saƙon daga can.